Kafin a ɗora wa Hilux tanti, a fara kai ta sikeli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana a kan wani aiki da ya fara yawa a garejoji. Matasa masu hali, da ma'aikatan da aikinsu ke kai su ƙauyukan da ba kwalta, da masu zuwa duba dabbobinsu a daji, suna kawo a-kori-kura, galibi Hilux, jefi-jefi Land Cruiser 79, su ce a shirya musu ita yadda za su riƙa kwana a daji. Wani tsaunin Mambila yake so ya hau, wani gandun dajin Gashaka Gumti, wani kuma burinsa ya wuce Agadas ya kai Bilma. Abin da suke fara nema kusan iri ɗaya ne: ƙatuwar bamba ta ƙarfe, fitilu jere a kan rufi, manyan tayoyi, a kuma ɗaga motar sama. Duk waɗannan su ne ya kamata su zo a ƙarshe, wasunsu ma ba sai sun zo ba. Abin da ya fi kashe motar daji shi ne nauyi da inda aka ajiye shi, don haka daga nan za mu fara.

Kowace mota tana da ɗan allo a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ɗakin inji, wanda aka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta kai da duk abin da ke cikinta. Idan aka cire nauyinta tana wofi, abin da ya rage wa Hilux mai ƙofa huɗu yana tsakanin kilo 800 zuwa 1,000, gwargwadon samfurinta. Mutane suna jin "tan ɗaya" sai su ɗauka lodin baya kaɗai ake nufi, alhali har direba da fasinja da duk ƙarfen da aka ƙara mata suna cikin lissafin. A ɗauki biro a gwada. Manya huɗu, kilo 300. Bambar ƙarfe da injin jan waya na fitar da mota idan ta kafe, 90. Rumfar baya da ƙarafanta, 90. Tantin kan rufi, 60. Safaya ta biyu, 35. Jarka huɗu na mai, 80. Ruwa lita 120 da mazubansa, 125. Firij da abin da ke ciki, 40. Batir na biyu, 30. Kayan aiki da kayan gyara, 50. Abinci, tukwane da shimfiɗa, 80. An kai 980 ke nan, ba a sa jakar kowa ba. Saboda haka idan an gama shiri, a cika tanki, kowa ya shiga, a je sikelin da ake auna manyan motoci, a auna gaba daban, baya daban. Aksul ɗin baya yana da tasa iyakar, kuma sau da yawa shi ake fara wucewa tun jimillar ba ta cika ba.

Inda aka sa kayan ya kai yawansu muhimmanci, musamman a mota mai ƙofa huɗu. A irin wannan motar aksul ɗin baya yana kusa da bayan ɗakin fasinja, ta yadda mafi yawan bodin yana rataye ne a bayan taya. Duk kilon da aka sa a can ƙurya kusa da murfin baya yana danna wutsiyar shasi ƙasa, aksul ya zama wurin lanƙwasa. Mai motar ba zai ga komai ba a kan kwalta. Ranar da ya faɗa wani rami da gudu, shasin zai lanƙwashe daidai tsakanin ɗaki da bodi, a ga tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe ta sama. Motocin da aka rataya wa safaya biyu da jarkoki a bayan murfi su ne suka fi gamuwa da wannan. Ƙa'idar ita ce ruwa, mai, batir da akwatin kayan aiki su zauna a ƙasa, a jingine da bangon gaba na bodi. Katifa, bargo da tufafi su koma baya da sama. Rufin ɗaki kuwa ba a yi shi don lodi ba. Yawancin kariyar lodi ta kan rufi ba sa wuce kilo 75 zuwa 100 idan mota na tafiya, kuma tanti kaɗai ya cinye fiye da rabi. Jera jarkoki a sama shi ne hanya mafi sauƙi ta kifar da mota a gefen tudun rairayi.

Ga masu walda, abu uku. Kada a yi walda ko huji a leɓen shasi na sama ko na ƙasa, domin daga nan tsagewa ke farawa. A nemi ramukan da kamfani ya riga ya huda a ɗaure da noti. Kada a haɗa ƙarfe ɗaya ya kama rufin ɗaki ya kuma kama bodi, saboda su biyun kowanne motsinsa daban idan shasi na murɗawa a kan gargada, ƙarfen zai tsage ko ya yage rufin. Sannan a cire kan batir kafin a kunna injin walda, in ba haka ba ƙwaƙwalwar motar na iya ƙonewa. Bambar da aka ƙera a gida ma tana da nata laifin: idan ta toshe iskar lagireto mota za ta riƙa tafasa a rairayi, kuma a motar da ke da balan-balan ɗin kariya tana iya canza yadda zai fashe lokacin haɗari.

Sai sifirin da shokozoba. Wanda zai riƙa yawo da kilo 300 ko fiye a baya kullum, ya sayi sifirin da aka ƙera don wannan nauyin, ya bar dabarar cusa ganyen sifirin babbar mota a tsakani. Wannan dabarar tana ɗaga mota, amma tana sa ta sandare, duk dukan da hanya ke yi ya wuce kai tsaye zuwa shasi. Ƙarfin sifirin kuma ba ya ƙara iyakar nauyin da aka rubuta a allo, tunda birki da boris da aksul suna nan yadda suke. Ɗagawa kada ta wuce milimita 40 zuwa 50 a Hilux. Ƙafafun gabanta kowace da nata shaf, idan an ɗaga fiye da haka shaf ɗin yana aiki a karkace, robarsa ta yage, yashi ya shiga, boljoyin na sama ma ya riƙa ci da wuri. Bayan ɗagawa dole a sake saita ƙafa. A tsofaffin Hilux akwai wani bawul a baya da ke rage ƙarfin birkin baya gwargwadon yadda mota ta zauna. Idan an ɗaga ba a gyara sandarsa ba, zai ɗauka motar wofi ce ya rage birki alhali tana cike da kaya. Notocin da suka ɗaure sifirin da aksul a sake ɗaure su bayan kilomita 500 na farko, don sabon sifirin yana zama. Shokozoba kuwa gargadar burji ce ke kashe ta: man cikinta ya yi zafi ya yi kumfa, mota ta fara tsalle ba riƙo. Mai faɗin ciki, mai ɗaukar mai da yawa, ita ke jurewa. Idan an yi awa guda a gargada, a tsaya a kai bayan hannu kusa da kowace. Wadda ta yi sanyi alhali sauran na da zafi, ta mutu.

Taya ita ce wurin da kuɗi ya fi amfani, kuma ita ce wurin da ake yawan ɓarnatar da shi. Hilux da yawa suna zuwa da 265/65R17. Wanda ya koma 285/70R17 ya ƙara tsayin taya da kusan kashi 7 cikin ɗari: mota ta rasa ƙarfi a hawa, kuloci ya sha wuya, birki ya ƙara nisa, agogon gudu da na kilomita su riƙa nuna ƙasa da gaskiya, wanda zai ɓata lissafin mai. Mataki ɗaya sama, 265/70R17, ya isa. Ga mai rim 16, 235/85R16 taya ce doguwa siririya da ta dace da lodi. Abin nema a jikin taya shi ne haruffan LT, alamar cewa gefenta mai kauri ne na ɗaukar kaya, domin ƙayar aduwa da kututturen da gobarar daji ta bari ta gefe suke shiga. Taya mai manyan haƙora ta taɓo tana da kyau a ido, amma a rairayi haƙa take yi ta binne mota. Mai matsakaicin zane ta fi dacewa da wanda zai haɗa kwalta, burji da yashi. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai taɓa ƙasa ba, ba ta zuwa daji. Safaya biyu, girmansu ɗaya da na ƙasa.

Iskar taya ce ke raba wanda ya wuce da wanda ya kafe. A kwalta da lodi, abin da kamfani ya rubuta a ƙofa, wajen 35 zuwa 40 a gejin masu faci. A burji mai gargada, a sauke zuwa 26 ko 28, a kuma rage gudu. A rairayi mai laushi irin na Tulo-Tulowa a Yusufari ko na hanyar Fachi, 16 zuwa 18. Idan mota ta riga ta nutse, ana iya sauka har 12 don a fito kawai, a mayar da iska nan take. Dalilin shi ne taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗa tafinta ya yi tsawo, nauyi ya bazu. Haɗarinsa kuma biyu ne: idan aka sha kwana da ƙarfi taya na iya zamewa daga rim, idan kuma aka yi gudu gefenta ya yi zafi ya fashe. A 18 kada a wuce kilomita 40 a awa. Wannan duka ba ya yiwuwa sai da geji mai kyau da famfon iska na lantarki mai bayar da aƙalla lita 70 a minti, wanda ake maƙala wa kan batir kai tsaye inji na aiki. Ƙananan da ake sokawa a ramin kunna taba suna ƙonewa kafin su gama taya ta biyu. A haɗa da kayan facin cusa, bawul na ajiya, da tub ɗaya ko biyu don tayar da ta yage a gefe.

A shiga giyar ƙafa huɗu tun kafin a shiga yashi, ba bayan an kafe ba, a kuma fitar da ita da zarar an hau kwalta. Hilux da Land Cruiser 79 ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, don haka tafiya da ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta tana murɗe farfela da akwatin giya. Mai motar da ake kulle cibiyar tayar gaba da hannu ya tuna ya kulle, in ba haka ba giyar ta shiga amma gaba ba ya ja. A sababbin motoci a kashe na'urar hana sulɓi a cikin rairayi, domin tana yanke wa inji ƙarfi daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Lissafin mai ba a yin sa da abin da mota ke sha a hanyar Kano zuwa Kaduna. Hilux mai gas da ke shan lita 10 ko 11 a kilomita 100 a kwalta tana iya kai 20 a rairayi da lodi. Mai injin fetur na lita 2.7, wadda ita ta fi yawa a Najeriya, tana kai 25 har fiye. Daga Agadas zuwa Bilma wajen kilomita 600 ne. Mai gas zai buƙaci lita 120, a ƙara kashi ɗaya cikin uku don ɓata hanya da kafewa, ya zama 160. Tankinta 80 ne, saura jarka huɗu masu cin lita 20 kowace. Mai fetur zai buƙaci wajen 200, wato jarka shida. Jarkar ƙarfe mai sabuwar roba a murfi ita ce ta fetur. Jarkar man gyaɗa tana kumbura a rana, tana zubarwa, kuma ba a taɓa sa fetur a ɗakin fasinja ko kusa da batir. A sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, a bar ɗan sarari a sama, a kuma juye ta cikin tanki da zarar wuri ya samu don nauyi ya sauka. Wanda zai tsallaka iyaka ya tsallaka da jarkokinsa wofi ya cika a can, don jami'an kwastan ba su da hanyar bambanta shi da ɗan fasa-ƙwauri.

Ingancin man ya fi damun sababbin injinan gas. Tsohon 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, famfonsa na ƙarfe ne ba ruwansa da kwamfuta, shi ya sa direbobin hamada suka riƙe shi. Injinan Hilux irin su 2KD da 1GD suna tura mai da matsin da ke iya haura 1,300 a ma'aunin bar, ɗigon ruwa ko ƙura kaɗan ya isa ya cinye nozul, kuma ba a gyara nozul a gindin bishiya. Wanda zai sayi gas daga durom ya ƙara filta mai raba ruwa kafin ta kamfani, ya riƙa tsiyaye ta kowace safiya, ya tafi da filta biyu na ajiya, ya kuma koyi yadda ake fitar da iska bayan an canza. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi amfaninsa na farko ƙura ce, yana ɗebo iska daga sama inda ta fi tsabta. Ba ya mayar da mota kwalekwale. Iyakar ruwan da aka yarda sabuwar Hilux ta shiga milimita 700 ne, kuma kafin a kai nan akwai wata matsalar: aksul mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta ƙaramar hudar numfashinsa, man ya koma fari kamar nono, haƙoran ciki su lalace a hankali. Tiyo na 'yan kuɗi kaɗan da aka ja daga hudar zuwa saman ɗakin inji yana magance wannan. Masu shiga Gashaka da damina, inda ake ratsa rafuka, su fi kowa kula, kuma a taka ruwa da ƙafa a ga zurfinsa da ƙarfinsa kafin a sa mota.

Lagireto a wanke shi ciki da waje, a canza tiyo da fanbel, tsofaffin su zama na ajiya. Ruwan rijiya ba na lagireto ba ne sai dole. Da kaka, 'ya'yan ciyawa suna toshe fuskarsa, sai a ɗaura ragar sauro a gaba a riƙa kakkaɓewa. Busasshiyar ciyawa kuma tana taruwa a kan salansa da farantin kariyar ƙasa, ta kama wuta mota na cikin tafiya, musamman mai fetur. A riƙa leƙawa ana zare ta da waya mai ƙugiya, kada a tsaya a kan doguwar ciyawa inji na zafi, tukunyar kashe gobara ta kilo 2 kuma ta zauna inda hannun direba zai kai, ba ƙarƙashin kaya ba.

Ruwan sha a zafin bazara lita 6 ne ga mutum ɗaya a yini, ban da girki da alwala, don haka a lissafa 10. Mutum huɗu a kwana uku lita 120 ke nan, a ƙara jarka ɗaya da ba a taɓawa sai mota ta lalace. A raba shi a mazubai da yawa. Tanki guda na lita 100 yana da daɗin amfani, amma famfonsa ɗaya idan ya karye a gargada an rasa duka, kuma ba a sani ba sai an tsaya. Idan ruwa ya fara ja baya, addini ya riga ya sauƙaƙa da taimama.

Wutar zango kada ta fito daga batirin tayar da mota. A sa na biyu a bodi, a ja waya mai kaurin murabba'in milimita 16 daga gaba, a cikin tiyon kariya, nesa da salansa, a sa fis a kowane ƙarshe, tazararsa da kan batir kada ta wuce taƙi ɗaya. Wayar da ba fis idan ta goge a jikin ƙarfe, motar ce za ta ƙone gaba ɗaya. Tsakanin batiran a sa na'urar caji mai amfiya 25, wadda ke raba su idan inji ya tsaya. Sababbin altaneta suna rage wuta da kansu, ba sa cika batir na biyu idan an haɗa kai tsaye. Firij mai lita 40 yana cin amfiya 40 zuwa 50 a yini idan zafi ya kai digiri 40, fitilu da cajin waya su ƙara 10. Batirin dalma mai 100 rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato ba zai kai yini guda ba mota na tsaye. Na lithiyum mai 100 yana bayar da 80 zuwa 90, nauyinsa wajen kilo 13, sai dai ba ya son zafin ɗakin inji. Farantin sola mai wat 150 yana mayar da kusan amfiya 40 a rana mai haske, ya ragu sosai idan ƙurar hunturu ta kwanta a kansa ba a goge ba. Ƙura a cikin rumfar baya kuwa ta murfi take shiga, saboda iska na zuƙo ta daga baya. A liƙa roba a gefunan murfin, a buɗe ƙaramar taga mai kallon gaba a saman rumfar, iskar da ke shiga ta nan za ta tura ƙurar waje.

Kayan fitar da mota idan ta kafe, mafi amfaninsu su ne mafi arha: shebur mai dogon hannu, faranti biyu ko huɗu na shimfiɗa wa taya, jak mai kyau da katako mai faɗin taƙi ɗaya da rabi da zai zauna a kai don kada ya nutse. Da zarar taya ta fara juyawa a wuri ɗaya a ɗaga ƙafa daga totur, domin kowane juyi ƙara binne ta yake. A rage iska, a kwashe yashin gaban tayoyi huɗu da na ƙarƙashin aksul, a cusa farantan, a fita a hankali da giya ta biyu ta ƙaramin zango. Injin jan waya ba ya aiki inda ba bishiya, sai dai a haƙa rami a binne safaya a ɗaure a jikinta. Wurin da ake asarar rai shi ne jan mota da mota. Ƙwallon jan tirela ba wurin ɗaura igiya ba ne, yana karyewa ya taho da gudun da zai fasa gilashi ya kashe na ciki. Ƙananan zobban da ke ƙarƙashin bamba ma na ɗaure mota a jirgin ruwa ne. A sa ƙugiyoyin ja na musamman da aka ɗaure a shasi, a yi amfani da igiya mai talewa ta tan 8 da maɗaurai masu lambar nauyi a jiki, a yafa bargo ko buhu a tsakiyar igiyar, kowa ya ja baya fiye da tsawonta. Sarƙa ba ta talewa, ba a fizga da ita.

Tsauni nasa haɗarin a gangara yake. Mai saukowa daga Mambila ta Maisamari zuwa Mayo Selbe da mota mai tan uku, idan ya dogara da birki, kafin ya kai ƙasa man birkin ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba komai. A sauko da giyar da aka hau da ita, inji ya riƙe motar. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba.

Wurin kwana a zaɓe shi tun rana ba ta faɗi ba. Kada a sauka a cikin busasshiyar ƙorama komai laushin yashinta. A duwatsun Abzin ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa cikin dare alhali sama tana tas a inda ake. A Disamba da Janairu sanyin hamada da na Gembu yana kai mutum ga sha'awar shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko rumfa, kuma hayaƙinsa marar wari yana kashe mai barci. Tukunyar gas ta girki ta tsaya a tsaye, a ɗaure, a inda iska ke ratsawa. Wanda ba shi da tantin sama, gadon ƙarfe mai naɗewa da gidan sauro sun raba shi da kunama, sun kuma rage wa motar kilo 50. A dai kakkaɓe takalmi da safe.

Kayan gyaran da suka cancanci nauyinsu ba su da yawa: fanbel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, filtar iska da ta mai, fis, boris ɗin taya ɗaya da girisinsa, tayarod, bakin mai lita 5, man birki, man giya, waya, da notocin taya. Kowace safiya kafin a tashi, mutum ɗaya ya zagaya da sifana ya taɓa notocin taya, na kariya, na rumfa da maɗaurin batir, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Saura maganar da ba ta ƙarfe ba. Mota ɗaya ba ta shiga hamada, komai shirinta. Biyu ne mafi ƙaranci, kuma gara su zama iri ɗaya don kayan gyara su yi wa kowace. A ɗauki ɗan jagora na yankin, a nemi izinin hukuma, a bi ayarin da jami'an tsaro ke rakawa inda aka tanadi haka, a kuma bar wa wani a gida hanyar da za a bi da ranar da in bai ji labari ba zai kai rahoto. Halin tsaro a sassan Arewa da na Nijar yana canzawa, hanyar da aka bi lafiya bara sai an sake tambaya bana. Kada a yi wa mota fenti mai kama da na sojoji. Wayar tauraron ɗan'adam tana ceton rai inda ba sabis, amma a 2013 sojoji sun hana amfani da Thuraya a Borno, don haka a tambayi hukumar yankin kafin a saka ta a jaka. Sabon shiri kuma a fara gwada shi da cikakken lodi a kwana biyu kusa da gida, a burjin da bakanike zai iya isowa, a dawo a sake ɗaure duk abin da ya saki kafin a sa ranar doguwar tafiya.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu makanikai da masu wayarin mota, Kano